Filin Amsoshinku: Shin Nkrumah ɗan gurguzu ne?

Tambaya: Baba Malam, barka da aiki. Kakana kullum cewa yake Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, ɗan kwaminisanci ne mai gaba da addini, Allah ne ya raba mu da shi. Malaminmu na tarihi kuwa ya ce mutumin kirki ne, Amurka ce ta kifar da shi. Wa zan gaskata? Daga Sani, Asawase, Kumasi.

Amsa: Ɗana Sani, ka gaishe min da kakanka, kuma kada ka yi saurin ƙaryata shi. Ina jin sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, na kuwa san inda maganarsa ta samo tushe.

Shekarata 12 ranar Alhamis 24 ga Fabrairun 1966. Mahaifina ɗan goro ne, yana da wata rediyo da yake lulluɓewa da ƙyalle kamar amarya. Da sassafe muka ji muryar Kanar Kotoka, kwamandan sojojin nan Kumasi, yana shelar cewa soja da 'yan sanda sun karɓi mulki. Baba ya ajiye kofin kokonsa, ya shafa fatiha, ya ce wa innarmu ta dafa shinkafa. Nkrumah a lokacin yana hanyar Hanoi, wai zai shiga tsakani a yaƙin Biyetnam, a birnin Bejin aka tare shi da labarin.

Murnar Baba ba ta da alaƙa da Rasha, don ko a taswira ba zai nuna maka Mosko ba. Ciwonsa ya girmi wannan magana. A shekarun 1950 mutanen Zango da yawa suna jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Tonawa, wato Ashanti, don adawa da CPP, jam'iyyar Nkrumah. An samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, kafin watan Agusta ya fita gwamnati ta kori manyan Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya. Da suka kai ƙara cewa su haifaffun ƙasar nan ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a kai, shari'a ta mutu. A shekarar aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila, a 1958 kuma aka kawo dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da an kai shi kotu ba. A ƙarƙashinta jagoran adawa J.B. Danquah ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965. Duk waɗannan dokoki an yi su tun Nkrumah yana ɗasawa da Ingila da Amurka. Kada ka manta kuma Zango bai taɓa zama baki ɗaya ba, akwai gidajen da har gobe CPP ce a jininsu.

Zancen gaba da addini kuwa daga ƙungiyar yara ta Young Pioneers ya fi fitowa. Ina matuƙar sha'awar ƙyallen da suke ɗaurawa a wuya, na roƙi Baba har da kuka. Ya ce ɗansa ba zai tsaya a layi yana cewa Nkrumah ba ya mutuwa ba, alhali kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne. Kiristoci ma sun yi wannan ƙorafi, har aka kori Bishop Roseveare na cocin Angilika a 1962 saboda ya soki ƙungiyar, kodayake daga baya an bar shi ya dawo. Amma masallatanmu a buɗe suke, makarantun allo suna karatu, alhazai suna tafiya Makka. A Tarayyar Sobiyet ta Khrushchev rufe wuraren ibada ake yi a waɗannan shekaru.

To, ɗan gurguzu ne? Da bakinsa ya ce shi Kirista ne kuma mai bin ra'ayin gurguzu na Karl Marx, bai ga karo tsakaninsu ba. Ya kafa makarantar koyar da aƙida a Winneba a 1961, a shekarar ya yi doguwar ziyara a Rasha da Gabashin Turai da Sin, a 1962 aka ba shi kyautar Lenin. Kisan Patrice Lumumba na Kwango a Janairun 1961 ya ƙona masa rai ƙwarai, daga nan ya daina yarda da Turawan Yamma. Sai dai mutumin nan shekara goma ya yi yana karatu da koyarwa a Amurka, kuma babban aikin da yake alfahari da shi, madatsar ruwa ta Akosombo, da bashin Bankin Duniya da Amurka da Ingila aka gina ta. Shugaba Kennedy ne ya sa hannu a ƙarshen 1961, kamfanin Kaiser na Amurka kuma ya samu lantarki mai arha don masana'antar alminiyam ta Valco a Tema. Yana cikin jagororin ƙasashe 'yan ba-ruwanmu da suka taru a Belgared tare da Tito da Nasser da Nehru. A ganina so ya yi ya tatsi shanun gida biyu don gina Gana, ya manta taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Malaminku ma yana da hujja. A 1965 Nkrumah ya fitar da littafi a kan sabon salon mulkin mallaka, ya caccaki Amurka, ita kuma ta hana Gana tallafin abinci. Takardun da Amurkan ta saki daga baya sun nuna jami'anta sun san ana ƙulla juyin mulki, suna kuma fatan ya yi nasara. A 1978 wani tsohon jami'in CIA, John Stockwell, ya ce ofishinsu na Ankara, babban birnin Gana, yana hulɗa da masu ƙullin. Bayan juyin mulkin aka tattara ƙwararrun Rasha da na Sin aka sallame su. Abin da malamin ya tsallake shi ne sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Farashin koko, na gona nake nufi, ya faɗi warwas a 1965, ƙasa ta zama ta jam'iyya ɗaya tun 1964, ni da kaina na sha layin sukari da madara tun asuba. Mutanen da suka fito rawa a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi ba wanda ya biya su.

Baba dai bai daɗe yana murna ba. A 1969 gwamnatin Busia, wadda ba mai zarginta da gurguzu, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Maƙwabtanmu suka sayar da gadaje da tukwane a wulaƙance suka hau manyan motoci. Ka tambayi kakanka wannan ma, ina so in ji abin da zai ce.

Tambaya: Malam, gaskiya ne Nkrumah ba a Afirka ya rasu ba? Daga Hajiya Ladi, Aboabo.

Amsa: Gaskiya ne, Hajiya. Bayan juyin mulki Sékou Touré ya karɓe shi a Konakiri, ya naɗa shi shugaban Gini na girmamawa tare da shi. Da ciwon daji ya tsananta aka kai shi Bukares ta ƙasar Romaniya, a can ya rasu ranar 27 ga Afrilun 1972. An binne shi a garinsu Nkroful, sannan a 1992 aka mayar da shi Ankara, a filin da ya tsaya ya yi shelar 'yancin kai.