Kafin ki kai Baba ajin koyon waya

'Yar'uwa, kin tambaya yadda za ki gane kamfanin kirki cikin masu koya wa dattawa amfani da waya a Gusau, tunda Baba yana son ya riƙa karɓar kuɗin hatsinsa ta banki.

Ki je ki zauna a aji ɗaya tukuna, ki zuba ido. Kawuna ya yi irin wannan karatun a Tudun Wada. Da aka zo kan tura kuɗi, malamin, yaro ne ma ƙarami, sai ya kau da kai ya ce, "Baba, sa lambar sirrinka, ni ba na son gani." Daga nan hankalina ya kwanta. Duk wanda ya nemi lambar sirrin kati, ko ya ce a kawo BVN wai don rajistar aji, ki ja hannun Baba ku fice. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa mai karɓar bayananka ya faɗa maka abin da zai yi da su.

Kuɗin karatu kuma su faɗe shi duka tun farko, su ba da rasit. Ni "kyauta" ce ma ta fi ba ni tsoro, don wani lokaci tallan manhajar bashi ne aka lulluɓe, dattijo bai ankara ba ya ci bashi da ruwa.

Ki nemi shaidar rajistarsu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Sannan ki lura ko da Hausa suke koyarwa, kuma ko malamin yana tsaki idan tsoho ya maimaita tambaya sau uku.