Amsar Gwaggo a Kan Durƙuso da Shiga Rai

Ummi 'yata, saƙonki ya iso. Ya maigidan naki da mutanen gidan? Kin ce abu biyu sun ɗaure miki kai. A Islamiyya an ce muku durƙusa wa mutum bai dace ba, a gidan surukanki kuwa in kika gaida Hajiya a tsaye sai a bi ki da kallo. Sannan ranar buɗar kai kin ji tsofaffi sun ce wa wata amarya "kyan ne kawai", wata kuma da ba ta kama ƙafarta a kyau ba suka ce "wannan Allah ya yi mata shiga rai". Kina tambaya me suke gani. A wurina tambaya ɗaya ce kika raba biyu.

Rigimar durƙuso ta girme ki. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978, gidaje da yawa sun sha wannan takaddama, yara suka daina tsuguna wa iyaye, iyaye suka ce an lalata musu 'ya'ya. Malaman kuwa ba da ka suke magana ba. Akwai hadisin Anas a littafin Tirmizi, inda aka tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a. Ruku'u da sujada na Allah ne, saboda haka kada goshinki ya taɓa ƙasa don wani mahaluki, ko sarki ne. Amma ba wanda ya haramta zama. Ki tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ki yi sallama, ki jira a amsa, ki sami wuri ƙasa da inda Hajiya take ki zauna, sannan ki gaishe ta. Malaminki ba zai ga laifi ba, Hajiya ma ba za ta ga raini ba.

Sai dai ba gwiwa tsofaffin nan suke kallo ba. Sau nawa na ga yarinya ta zube har ƙasa, baki a zumɓure, ido a kan waya, ta jefo "ina kwana" ta miƙe tun ba a gama amsawa ba? Wannan ta durƙusa, amma ba ta yi gaisuwa ba. Abin da suke nema natsuwa ce.

A gidanmu akwai abokiyar zaman kakarki, Allah ya jiƙansu duka. Baƙa ce, gajeriya, fuskarta duk zanzanar agana. Idan baƙo ya zo, sai ta sake ɗauraye kwanon sha ko da yanzu aka wanke shi, ta miƙa da hannun dama, na hagu yana tallafe, ba ta tambayar komai sai ya sha ya ajiye numfashi. Daga nan ta bi mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, har jaririn da aka haifa bara, kuma tana sauraron amsar. Idan za ta yi wa yaro faɗa, ɗaki take jan shi, ba ta tara masa jama'a. Mata sun fi ta kyau a unguwar ba adadi, amma ita ake kira ta riƙe amarya, ita ake kira sulhu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a wurinta na ga haka.

Kada ki ɗauka al'adar Bahaushe ce kawai. Da tawagar ƙabilar Abdul Ƙais ta zo Madina, mutanen suka yi rige-rigen zuwa wurin Annabi (SAW), shi kuwa Ashajju, ɗaya daga cikinsu, ya tsaya ya kintsa, ya sauya tufafi, sannan ya taho a hankali. Annabi ya ce masa yana da halaye biyu da Allah yake so: haƙuri da rashin gaggawa. Ki duba Suratu Luƙman, aya ta 18 da ta 19, wasiyyar uba ga ɗansa ce: kada ka karkatar da fuska ga mutane, ka daidaita tafiyarka, ka sassauta muryarka. Shi ya sa nake cewa a kan darduma abin yake farawa. Mutumin da ya yi salla da garaje, Annabi ya ce ya koma ya sake don bai yi salla ba. Wadda ta saba tsayawa gaban Ubangijinta har gaɓoɓinta su natsu, da wuya ta tsaya gaban uwar mijinta tana rawar jiki. Shiga rai baiwa ce, gaskiya, Allah ke bayarwa, amma ban taɓa ganin ya ɗora ta a kan mai girman kai ba.

Kwalliya kuma ki yi abinki, Allah mai kyau ne yana son kyau. Lalle, tozali, turaren wuta, dilka da halawar da 'yan Maiduguri suka ƙware a kai, duk ki yi. Man sauya launin fata ne kawai ban yarda ba, na ga yadda yake ƙona kumatu ya bar gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin.

Abu ɗaya nake ji miki tsoro, kada a ce miki natsuwa ita ce zama bebiya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajoji, wato mata malamai, ƙauyuka suna koyar da mata, ba wanda ya ce ta rasa kunya. Idan an cuce ki, ki faɗa, a lokacin da ya dace, da muryar da ta dace, ga wanda ya dace.

Maganar gaisuwar nan kada ki kai wa Hajiya da hadisi a baki, za ta ɗauka kin zo yi mata wa'azi. Ki fara zaman kawai gobe da safe. In ta yi ƙorafi, maigidanki ne zai yi mata bayani, ba ke ba. Ki gaishe min da ita ƙwarai, ki ce ina nan tafe bayan salla in Allah ya yarda.