Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan tashin Yesu daga matattu

Ɗan'uwa sannu, na ga tambayarka tun jiya, wai abokin aikinka ya ce tashin Yesu ba shi da hujja a tarihi tunda bisharun huɗu ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Na fi shekara goma ina koyar da matasa Littafi Mai Tsarki a cocinmu, kuma maganar nan ta taɓa kayar da ni a gaban aji.

Wata Lahadi bayan Ista wani yaro ɗan jami'a ya miƙo mani wayarsa, ya buɗe Markus 16, ya nuna ɗan rubutun nan na ƙasa da ba ma kula da shi, wai aya 9 zuwa 20 babu su a tsofaffin kwafi. Ai kuwa sai gumi, na ce masa mu haɗu sati mai zuwa. Na je na bincika kuma gaskiyarsa ce, kwafin Sinaiticus da Vaticanus na ƙarni na 4 duk a aya 8 suka tsaya, inda matan suka gudu daga kabarin jikinsu na rawa ba su gaya wa kowa ba. Haka Matiyu ya ambaci mala'ika ɗaya, Luka ya ce mutum biyu, to kada ka tsaya musu a kan wannan, za ka ji kunya ne kawai.

Amma ka ga tsohuwar shaidar ba a bisharun take ba, tana 1 Korintiyawa 15, Bulus ya rubuta ta wajen shekara ta 54, shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciye, kuma shi da kansa ya ce karɓa ya yi daga na gabansa, ya jero waɗanda Yesu ya bayyana gare su bayan tashinsa, Kefas (wato Bitrus) da almajirai sha biyun da 'yan'uwa sama da 500 da Yakubu. Gicciyen kuwa har Tacitus, marubucin tarihi Barome da ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta wajen 116 cewa Bilatus ne ya kashe shi zamanin Tibariyas. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne matan da bisharun suka ce su ne suka fara zuwa kabarin, a zamanin da ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi, mai shirya ƙarya da maza zai fara.

Inda nake gaya wa yarana gaskiya shi ne, malaman tarihi da yawa har da marasa bi sun yarda almajirai sun gaskata sun gan shi, amma me suka gani? Wasu na cewa ido ne ya yi wa masu makoki gizo, mu mun ce tashi ya yi, nan kam bangaskiya ce take magana.

In abokin naka Musulmi ne, ka sani tun a gicciyen kuka rabu saboda aya 157 ta Suratun Nisa'i da ta ce ba su kashe shi ba kuma ba su gicciye shi ba, sai ka fara tambayarsa wanne yake musu, mutuwar ko tashin, kada ku kwana kuna gardamar mala'iku.