Kyamara ko sauti: wanne coci zai fara gyarawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ku fara sayen kyamara don watsa sujada a Facebook. Ni dai na ce ku fara da sauti. Mai kallo zai jure hoto dishi-dishi, amma in wa'azi yana amsa kuwwa, ga ƙarar janareta, nan take zai wuce. Ku ja waya daga miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo da na kayan kiɗa, zuwa wayar hannun da ke ɗauka, ta isa.

Fasto kuma ya ba matasan da ke kula da watsa sujadar ayoyi da waƙoƙi tun Juma'a, kada a cusa musu takarda da safiyar Lahadi. Don Allah kada a haska fuskar yara ko sabon tuba ba da izini ba; a wasu garuruwanmu hakan na iya jawo wa mutum fitina.