Amsa: Me ya sa alkamar sifelt ba ta fita daga ƙaiƙayinta?

Malam, ka tambaya ko injin girbinka ne ya lalace tunda ƙwayar ta fito a lulluɓe. Injin lafiyarsa ƙalau, haka sifelt take: irin alkama ce da ƙaiƙayinta ke manne wa ƙwayar. A kudancin Jamus, inda ake kiranta Dinkel, ana shuka ta a Oktoba da ƙaiƙayinta, wajen kilo 180 a hekta, a girbe ta ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Kada ka matse injin don ya sussuke ta, ƙwayar za ta farfashe. Rage gudun gangar sussuka da ke cikin injin, ka buɗe tazarar da ke tsakaninta da ragar da ke ƙarƙashinta. Cire ƙaiƙayi aikin wani injin ne daban, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyin zai tafi. Adana ta a lulluɓe, danshi kada ya wuce kashi 14. Takin zamani kuwa a yi hankali, karan sifelt dogo ne, yawan yuriya na kwantar da ita.