Amsa ga mai tambaya kan ƙibar ɗanta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki ɗan shekara 9 ya yi ƙiba, da kika tambaye shi dalili sai ya ce haka Allah ya halicce shi. To, ba shi ya ƙirƙiro wannan amsar ba, a bakinmu ya ji ta. Nan Aboabo da Asawase a Kumasi, in yaro ya yi kumatu sai mu ce yana cikin hutu, in ya rame mu ce uwarsa ba ta kula da shi.

Yawancin yara sun san cin abinci da yawa yana sa ƙiba, amma a wurinsu abinci shi ne tuwo ko shinkafa da wake. Abin sha ba sa lissafa shi, nan kuwa matsalar take. Gwangwanin lemo mai gas guda yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 8, ga biskit da alawa da suke saye da kuɗin tara a ƙofar makaranta. Saboda irin wannan ne gwamnatin Gana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai zaƙi a 2023.

Ki auna cokali 8 ɗin a gabansa ya gani da idonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro ya motsa jiki minti 60 kullum, ƙwallo a layi ma ta isa. Don Allah kada a riƙa kiransa obolo, wato mai ƙiba, a gida, yana yi wa yara ciwo sosai. Ki kai shi asibiti a auna nauyinsa da tsawonsa, don wani lokacin akwai gado a ciki.