Tambaya da Amsa: Me ya haɗa wutar daji da rufe hanya a kan tsaunuka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana tuƙin babbar mota a yammacin Amurka, kuma ya ce da hunturu akan rufe hanyoyin tsaunuka saboda dusar ƙanƙara, wani lokaci kuma saboda ruwan sama a inda wutar daji ta ci watanni da suka wuce. Ta yaya wutar da ta riga ta mutu za ta hana mota wucewa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Batun dusar ƙanƙara a fili yake, domin a mashigar Donner da ke tsaunukan Sierra Nevada a jihar Kalifoniya, inda babbar hanyar I-80 ta haura sama da mita 2,100, hukuma kan tilasta wa direbobi ɗaura sarƙa a tayoyi, idan kuma abin ya yi ƙamari a rufe hanyar baki ɗaya.

Na biyun kuwa yakan ɗauki rai ba zato ba tsammani. Idan wuta ta cinye itatuwa da ciyawar gangaren tsauni, ba a bar abin da zai rufe ƙasa ya kare ta daga ruwan sama ba, sannan zafin wutar yakan narkar da wani maiƙo daga ganyaye ya shiga ƙasa ya toshe ta, har ruwa ya riƙa zamewa kamar a kan kwanon rufi. Da ya gangaro sai ya kwashi toka da laka da kututture da manyan duwatsu, ya sauko da gudun da mutum ba ya iya tsere masa da ƙafa.

Haka ta faru a garin Montecito da ke jihar Kalifoniya ranar 9 ga Janairun 2018, makonni kaɗan bayan gobarar da aka yi wa laƙabi da Thomas ta ƙone tsaunukan da ke bayan garin. Ruwa kimanin milimita 13 ya sauka cikin minti biyar kacal kafin asuba, mutane suna barci, mutum 23 suka rasu, hanyar 101 kuma ta kusan mako biyu a rufe. A Yulin 2021 laka ta toshe hanyar I-70 a kwazazzabon Glenwood na jihar Kolorado, inda wuta ta ci a 2020, fiye da mutum 100 suka maƙale cikin dare.

Abin lura, ƙarfin ruwan cikin ɗan lokaci ne ke jawo wannan, ba daɗewarsa ba, kuma idan ruwa mai ɗumi ya sauka a kan dusar ƙanƙara yakan narkar da ita ya ƙara ambaliyar. Haɗarin ya fi tsanani a shekara biyun farko bayan gobara. Ki gaya wa ƙanenki ya duba sanarwar hukumar yanayi kafin ya kama hanya, kada ya tsaya hutawa a gindin gangaren da ya ƙone, kuma idan an rufe hanya kada ya nemi ratse ta ƙananan hanyoyin tsauni, domin waɗannan ne ake sharewa a ƙarshe.